Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙungiyar Likitocin Gaɓoɓi ta Romaniya a Kan Gadon Amosanin Soriyasis

Ya ku malamaina masu girma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wannan wasiƙa ta fito ne daga hannun wanda ya yi karatun likita a ƙasarku, ya ci gurasarku, ya sha sanyin hunturunku har shekara shida a birnin Yash, kuma har yau yana jin akwai bashinku a wuyansa. Na rubuta ta da Hausa, harshen da na sha a nono, domin 'yan'uwana ɗalibai da likitoci da suka bi hanyar da na bi su karanta su sa baki, kuma na san a cikinsu ba za a rasa wanda zai isar muku da ita cikin harshenku ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne binciken da 'ya'yan ƙasarku suka faro a kan ƙwayoyin gado masu jawo amosanin gaɓoɓin da ke tafiya da cutar soriyasis, binciken da a ganina ya cancanci a ɗauke shi daga matakin gwaji a kai shi inda zai amfani majinyaci.

Ga 'yan'uwana masu karatu, soriyasis cutar fata ce da ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, wadda garkuwar jiki ke tunzura fata ta riƙa yin kauri tana fitar da ɓawo fari, musamman a gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai. A cikin masu ita, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko cikin uku kan samu kumburin gaɓoɓi, kuma a wajen mafi yawansu fatar ce ke riga fitowa, sau da yawa da tazarar shekara goma. Wannan tazarar ita ce damar da likita yake da ita, ita ce kuma ake yawan asararta.

Na ga wannan asara da idona a gidan da na yi haya. Mai gidan dattijuwa ce da ta ɗauke ni kamar ɗan cikinta, har nake ce mata Mama, kalmar da Hausa da Romaniyanci suka yi tarayya a kanta. Ana gobe Kirsimeti ta kan zauna a kicin ta naɗa sarmale, wato ganyen kabeji mai tsami da ake cusa wa shinkafa da niƙaƙƙen nama, kuma ba ta taɓa mantawa ta ware mini tukunyata da naman sa ba. A shekarata ta huɗu na lura ganyen yana kuɓuce mata, naɗin ba ya ɗauruwa. Da na kama hannunta na duba, sai na ga yatsanta na tsakiya ya kumbura tun daga gindi har baki kamar an hura shi, faratanta kuwa cike da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga su da bakin allura. Ta zame ɗankwalinta ta nuna mini ɓawon da ke bayan kunnenta, wanda ta shekara fiye da goma tana shafa wa mai. Ciwon yatsu da na dunduniya kuma ta ɗora wa abin da mutanenku ke kira curent, wato iskar da ke ratsowa tsakanin taga da ƙofa, kamar yadda tsofaffinmu ke ɗora komai a kan sanyi. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta ce, shi ne ba ta iya haɗa yatsunta uku ta yi alamar giciye a coci kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

Na tambaye ta ko akwai mai irin wannan a danginta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mahaifinta yana da ɓawo a gwiwar hannu, kuma kafin ya rasu bayansa ya sandare har ba ya iya waiwayawa sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Ƙaninta ma yana da ɓawon. Ta ce a duk shekarun da ta yi tana karɓar man shafawa babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ba ina ɗora laifi a kan kowa ba ne, domin na san yadda layin majinyata yake tsawo da yadda mintocin likita suke ƙarewa. Amma lokacin da aka ɗauki hoton hannunta, ƙashin gaɓar ya riga ya fara zaizayewa, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Binciken da aka yi a Dabilin ta ƙasar Ayilan, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa jinkirin wata shida kawai kafin ganin likitan gaɓoɓi yana da alaƙa da zaizayar ƙashi da raunin jiki daga baya. Ita kuwa Mama jinkirinta na shekaru ne.

Ba sai na koya muku cewa wannan ciwo yana bin jini fiye da yawancin cututtukan gaɓoɓi ba, don a azuzuwanku na fara jin haka. Tun 1973 Moll da Wright, likitocin Ingila da suka rarrabe kamannin cutar gida biyar, suka nuna yadda take taruwa a dangi ɗaya, kuma nazarin da aka yi daga baya a Kanada da Aisland ya nuna haɗarin kamuwa ga ɗa ko ɗan'uwa na jini ya ninka na sauran jama'a sau 30 zuwa 40. Mafi ƙarfin wannan gado yana zaune ne a kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a yankin da ake kira HLA, wanda aikinsa shi ne ɗauko guntayen furotin daga cikin ƙwayar jiki ya baje su a waje, domin dakarun garkuwar jiki su duba su tantance ko na gida ne ko baƙi. Nau'in HLA-C*06 shi ne babban mai jawo soriyasis na fata, musamman wanda ke fitowa kafin shekara 40. Nau'in HLA-B27 kuwa, tare da B38 da B39 da B08, sun fi karkata ga gaɓoɓi, kuma mai B27 ya fi fuskantar ciwon ƙugu da ƙashin baya, gaɓoɓinsa kan kamu ba da jimawa ba bayan fitowar fatar.

A nan ne 'ya'yanku suka shigo, kuma ina alfahari da abin da suka yi. Masu bincike na Jami'ar Carol Davila da ke Bukarest da abokan aikinsu sun buga nazari a 2011 a kan alaƙar HLA-C da wannan ciwo a tsakanin 'yan Romaniya, suka buga wani a shekarar a kan sauye-sauyen ƙwayar gadon TNF-alfa, sinadarin da ke rura wutar kumburi. A 2013 suka tabbatar da cewa wani yanki na ƙwayar IL23A yana ƙara haɗarin kamuwa a cikin mutanenku, a 2016 kuma suka duba ERAP1 da ERAP2. Waɗannan biyun na ƙarshe suna burge ni ƙwarai, domin su ne almakashin da ke datse guntayen furotin daidai tsawon da HLA zai iya riƙewa, kuma idan datsin ya sauya, abin da ake nuna wa garkuwar jiki ma ya sauya. Wurin da almakashin nan ke aiki a cikin ƙwayar jiki, wato ragar nan da furotin ke bi kafin a fitar da shi, yana cikin abubuwan da George Emil Palade, haifaffen Yash, ya haska wa duniya har ya samu lambar Nobel a 1974. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji cewa wannan bincike kamar gadon gidanku ne, bai kamata ya tsaya a rabin hanya ba.

Sai dai ku yi mini afuwa in faɗi abin da ke raina. Majinyatan da aka duba a kowane ɗayan nazarce-nazarcen nan ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, wasu ma ba su kai ɗarin ba, kuma masu binciken da kansu sun yi gaskiya, domin ɗaya daga cikin ayyukan sun sa masa sunan binciken gwaji. In ban da HLA, yawancin ƙwayoyin gadon da aka gano kowace tana ƙara haɗari ne ɗan kaɗan, kuma ƙaramin tasiri irin wannan ba ya fitowa fili a cikin mutum ɗari. Abin da ka gani yau zai iya ɓacewa idan ka ƙara wasu ɗarin, abin da kuma yake nan da gaske zai iya ɓoye maka. Manyan nazarce-nazarcen da suka gano ƙwayar gadon TRAF3IP2 a 2010, ko yankin nan na kuromosom na 5 da aka danganta da amosanin kansa a 2015, sun dogara ne da dubban mutane, mafi yawansu daga Birtaniya da Jamus da Arewacin Amurka. Akwai kuma matsalar maƙwabtaka: ƙwayar TNF tana zaune ne a cikin yankin HLA, ana gadonsu tare kamar gonaki biyu da ke cikin shinge ɗaya, don haka idan aka ga alama a TNF sai an tantance ko tata ce ko ta maƙwabcinta, kuma wannan tantancewa tana buƙatar jama'a da yawa.

Abin da na fi so ku tsaya a kai shi ne wanda ake kwatanta majinyaci da shi. Kusan duk mai amosanin soriyasis yana da soriyasis na fata. Idan aka ɗauki jininsa aka kwatanta da na lafiyayyen mutum, bambancin da zai fito na iya zama na fatar ne kawai, ba na gaɓar ba, sai a yi zaton an gano tushen ciwon gaɓa alhali tushen ɓawon aka sake ganowa. Shi ya sa HLA-C*06 kan fito da ƙarfi idan an kwatanta da lafiyayyu, amma idan an kwatanta da masu fata kaɗai sai a ga ya fi yawa a wajensu fiye da masu ciwon gaɓa. Tambayar da ke gaban likitan fata a Kuluj ko Timishowara ko Kirayoba ita ce: a cikin mutum goma masu ɓawo da ke zaune a ƙofarsa, su wane ne biyu ko ukun da gaɓoɓinsu za su kumbura? Ba za a amsa wannan ba sai an tara masu soriyasis na fata waɗanda suka daɗe da cutar, likitan gaɓoɓi ya duba su ya tabbatar babu kumburi a ɓoye, sannan a mai da su ma'auni. Wannan aiki ne da ku kaɗai ba za ku iya ba, takwarorinku likitocin fata ma ba za su iya su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce me ya sa Romaniya za ta kashe kuɗi a kan abin da manyan ƙasashe suka riga suka bincika. Amsata ita ce ƙwayar gado ba ta magana da murya ɗaya a kowace al'umma, kuma hujjata ta fito ne daga yankinmu na Afirka ta Yamma. A Turai kimanin mutum 8 cikin 100 suna ɗauke da HLA-B27, kuma kusan tara cikin goma na masu cutar sandarewar ƙashin baya suna da shi. Amma a wani nazari da aka buga a 1997 a kan Fulanin Gambiya, an samu kimanin kashi 6 cikin 100 suna ɗauke da shi, aka duba mutum fiye da dubu ba a samu mai cutar ko ɗaya ba. Ƙwayar tana nan, ciwon babu. Idan haka ta faru tsakanin Turai da Gambiya, babu dalilin ɗauka cewa ma'aunin haɗarin da aka gina da jinin mutanen Mancesta ta Ingila zai yi daidai a kan manomin Maramuresh da ke arewacin Romaniya ba tare da an gwada ba.

Romaniya kanta ba jini ɗaya ba ce. A ƙidayar 2021 mutanenta sun kai miliyan 19, a cikinsu akwai Hungariyawa kusan miliyan ɗaya, mafi yawa a Taransilbaniya, da 'yan ƙabilar Roma sama da 500,000 da suka bayyana kansu, waɗanda asalin kakanninsu ƙasar Indiya ne, ga kuma Turkawa da Tatar a Dobroja. Nazarin da ya dogara da majinyatan da suka iya kai kansu manyan asibitocin babban birni zai bar waɗannan da mutanen ƙauye a baya, kuma su ne suka fi nisa da likitan gaɓoɓi, musamman ganin yadda dubban likitoci suka bar ƙasar tun bayan shigarta Tarayyar Turai a 2007. Game da 'yan Roma ina roƙonku da ku tafi a hankali da mutunci, domin mutane ne da aka riƙe a matsayin bayi a Moldabiya har zuwa 1855, a Walakiya kuma har zuwa 1856, yankunan da ke cikin Romaniya ta yau, kuma wanda tarihi ya yi wa haka ba zai miƙa jininsa don kawai an nuna masa takarda ba. Dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sanya bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba ta haifar da amana. Sai an zauna da mutane, an yi musu bayani da harshen da suke ji, an kuma dawo musu da sakamako.

Abin farin ciki shi ne ba daga ƙasa za ku fara gini ba. Kuna da rajistar cututtukan gaɓoɓi ta ƙasa tun 2013, wadda ke bibiyar majinyatan da ke karɓar magungunan zamani masu tsada, ciki har da masu amosanin soriyasis, ana rubuta yanayin ciwonsu da maganin da suke sha da yadda suke samun sauƙi. Roƙona shi ne a haɗa wannan rajista da ma'ajiyar jini guda ɗaya, da yardar majinyata, wadda jami'o'in Bukarest da Kuluj da Yash da Timishowara da Kirayoba da Targu Muresh za su riƙa zuba wa a kan ƙa'ida ɗaya, a kuma tantance kowane majinyaci da ma'aunin CASPAR na 2006, wato sharuɗɗan gane amosanin soriyasis, domin kada a cakuɗa amosani da amosani. Amfanin wannan bai tsaya ga sanin wa zai kamu ba. Magungunan da kuke rubutawa yau suna toshe hanyoyin nan ne da binciken gado ya nuna, wato sinadaran kumburi TNF da IL-23 da IL-17, kuma ba kowa ke jin kowane magani ba. A soriyasis na fata an riga an ga a Birtaniya cewa wanda ba shi da HLA-C*06 ya fi samun sauƙi da allurar adalimumab fiye da ta ustekinumab. Idan aka samu irin wannan haske a ɓangaren gaɓoɓi, majinyaci zai huta da watannin gwada magani ɗaya bayan ɗaya yayin da ƙashinsa ke zaizayewa, asusun inshorar lafiya na ƙasa kuma zai huta da biyan kuɗin allurar da ba ta yi aiki ba.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa tun kafin binciken ya kammala, wanda nake ganin muryarku ce kaɗai za ta iya gyara shi. Bayan an gano ciwon Mama, 'yarta ta tafi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ta biya kuɗi aka auna mata HLA-B27. Ta shigo gida da yamma takardar a hannunta tana rawa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba, ta ajiye mini ita a kan tebur ta ce in gaya mata shekara nawa suka rage kafin ta zama kamar kakanta, da kuma ko ta cuci yaranta biyu. Babu wanda ya yi mata bayanin komai. An dai miƙa mata sakamako mai kalma ɗaya. Na shafe sa'a guda ina fahimtar da ita cewa mafi yawan masu ɗauke da wannan ƙwaya suna rayuwa har tsufa ba tare da ciwon ba, cewa masu amosanin soriyasis da ke da ita ba su kai rabi ba, don haka samunta ba hukunci ba ne, rashinta kuma ba kariya ba ce. Mu Hausawa mukan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Gado shi ne tsagar, amma akwai abubuwan da ke shigowa ta cikinta, kuma wasu suna hannun mutum: ƙiba tana daga cikin waɗanda aka fi tabbatar da cewa suna ƙara haɗarin kumburin gaɓa ga mai soriyasis, rage nauyi kuma yana taimaka wa magani ya yi aiki. Ina roƙonku ku fitar da bayani a sarari, da Romaniyanci mai sauƙi da Hungariyanci da harshen Roma, a kan wanda ya kamata a yi wa wannan gwaji da abin da sakamakonsa ke nufi, kuma kada a miƙa wa kowa takarda irin wannan ba tare da wanda zai zauna da shi ba.

Kafin ma'ajiyar jinin ta tabbata, kuma na san abu ne na shekaru da kuɗi, akwai gwajin gadon da ba ya cin ko sisi, wato tambayar da aka shekara goma ba a yi wa Mama ba. Ku haɗa kai da ƙungiyar likitocin fata da likitocin iyali a sa ta zama wajibi ga duk mai soriyasis, aƙalla sau ɗaya a shekara: ko akwai mai ɓawo ko amosani ko sandararren baya a cikin iyayensa da 'yan'uwansa, ko gaɓa ta taɓa kumbura masa, ko dunduniya na yi masa ciwo, ko bayansa kan ƙage da asuba ya sake idan ya motsa. A duba faratai, a duba fatar kai da tsakanin ɗuwawu, domin ɓawo a waɗannan wurare yana da alaƙa da kamuwar gaɓoɓi. Takardar tambayoyi biyar da aka tsara a Lids ta Ingila, mai suna PEST, majinyaci zai iya cika ta yana zaune yana jiran layi. Wanda kuma amsoshinsa suka nuna alama, a buɗe masa hanyar ganin ɗayanku cikin makonni, kafin watanni shidan nan su cika.

Mama tana nan da ranta, tana shan maganinta, kumburin ya sauka, amma yatsan nan na tsakiya ya riga ya karkace, kuma yanzu 'yarta ce ke naɗa sarmale ita tana zaune tana nuna mata. A wayar da muka yi ta ƙarshe ta gaya mini cewa jikanta namiji, ɗan shekara goma sha shida, ya fara fitar da ɓawo a fatar kai, ta kuma tambaye ni wurin wa za su kai shi da abin da za su ce idan sun je. Na ce ta rubuta a takarda sunan ciwonta da na mahaifinta da na ƙaninta, su miƙa wa likita tun kafin ya tambaya. Ita kuma ta ce in gaya wa malamaina cewa duk ranar da suka buɗe wurin tara jinin, a kira ta, za ta zo da 'yarta da jikan.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ɗalibinku daga ƙasar Hausa